Ragowar Fim a Kyamarar Maigida

Maigidana ya rasu lokacin sanyi, a farkon shekarun casa'in, na shiga takaba a flat ɗinmu, ɗan gida a hawan ƙasa, a unguwar Camberwell ta ƙasar Turawa. Ban yi kuka sosai ba. Tsara wunina kawai na yi: salla, shayi, wanke kofi, sannan taga.

A bayan kicin akwai ɗan fili, inda ya kafa faranti a kan sanda yana zuba gyaɗa mai ɓawo. Na ci gaba da zubawa don na tarar ana yi. Wani tsuntsu ne ke zuwa, ruwan ƙasa, da shuɗi a gefen fiffike. Turawa na ce masa jay. Aikinsa a jere yake. Da farko ya sauka a katanga ya duba. Sai ya ɗaga gyaɗa ɗaya ya ajiye, ya ɗaga wata, har ya sami mai nauyi. Daga nan ya binne ta a gindin shinge. In kurege na kallonsa, ya tono ya canja wuri. Sau ɗaya na haɗa ɓawo marar ƙwaya na saka masa. Ya ɗaga, ya yar.

A durowa na sami kyamarar marigayin, lambarta a kan goma sha huɗu. Ba mu da hotonsa na kusa sai na fasfo, kuma na sa rai yana cikin fim ɗin. 'Yata ta ce bari ta kai a wanke. Na ce sai ya ƙare, ba a ɓarna. Saura goma. Na ware ɗaya ga kowace Juma'a, wata Juma'ar ma in fasa.

"Mama, wai tsuntsu kike ɗauka? Biza zai nema?"

"Matsa, kin tare min haske."

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na sake kaya, na hau bas na kai fim ɗin da kaina. Bayan kwana uku na karɓo hotunan. A bas na buɗe ambulan ɗin, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Nawa goma, tsuntsu. Nasa goma sha huɗu, tsuntsu. A na bakwai kawai gefen babban yatsansa ya rufe kusurwa, dishi-dishi.

Na mayar da su yadda suke. Na wuce tasharmu da biyu, na sauka, na tako da ƙafa.