Shunin Kan Inna

Ni 'yar fari ce, saboda haka ban tashi a ɗakin uwata ba. Ana yaye ni Goggo, yayar babana, ta goya ni ta kai ni gidanta, can wajen marina a cikin Wurno. Gidanmu da nata ba nisa, kusan kullum ina ganin Inna, amma ko sunana ba ta faɗi. In za ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, "A ce ma yarinyag ga ta ɗauko tulu." Haka aka san uwa mai kunya a wancan zamani, kuma ban ji zafin abin ba sai da na girma.

Goggo makitsiya ce. Rumfarta ta kara ba ta rabuwa da mata, daga Dinawa ma takowa ake yi, har daga Rabah in biki ya yi biki. Kitso kam kowace unguwa akwai mai yi, abin da ke kawo su shuni ne. Marina ke kwashe kumfar da ke tasowa a bakin karofi, wato ramin rini, su busar da ita ta dunƙule. In aka niƙa, aka kwaɓa da man shanu, aka shafe kitso da shi, sai kan mace ya yi baƙi wuluk yana ɗaukar ido a rana. Sai dai ba ya daɗewa. Zufa ta ci, kallabi ya ci, kafin a jima furfura ta sake leƙowa.

Na sha ranƙwashi kafin in iya, don Goggo ba ta san lallashi ba. Ran da na fara niƙa shuni na kwaɓa ina ta rawar kai, ta ƙwace kaskon ta ce, "Ke, mi nic ce maki? Harshe ka fara taɓa shi kahin kan mutane. In yac cije ki, toka ta yi mai yawa, zubas." Daga nan kullum harshena shuɗi, 'yan uwana suna ce mini akuyar marina. Bayan harshe sai bayan kunnen mai kitso: a ɗiga kaɗan, a bar ta ta yi ta surutunta, in wurin bai yi ja ba, bai yi ƙaiƙayi ba, sannan a ci gaba. Ana zagaye goshi da man kaɗanya don kada ya gangaro ido. Wadda kuwa ta zo da ƙurji ko ta sosa kai har ya fashe, ko amarya ce, Goggo korar ta take yi. Mata sun sha fita rumfar nan suna zage-zage, su kuma dawo.

Ina cikin koyo aka zo ɗibar mutane aikin tilas na haƙar kuza a wata ƙasa mai nisa, lokacin da Nasara ke yaƙinsu. Babana manomin albasa ne a fadama, bai taɓa wuce Sakkwato ba, aka haɗa da shi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. An ce musu watanni kaɗan ne. Albasarsa ta nuna a gona, 'yan uwa suka cire, aka sake dasa wata, shiru.

A garinmu macen da mijinta ya yi doguwar tafiya ba ta sa shuni. In ta sa, bakin mutane ba zai bar ta ba, za a ce don wa. Sai in labari ya zo cewa yana hanya, nan kam har tsokanarta ake yi in ba ta sa ba. Inna ta zauna da kitson hannu biyu a cikin kallabi. Ba ta tsufa ba, amma a wannan zaman furfura ta fito mata ta gaba, ta bi gefen kunne.

Wata safiya sai ga ta a rumfar Goggo, ta zauna nesa har mata suka ragu. Ta ce, "Yaya, an ce mutanen kuza sun taso." Goggo ta ce ita ma ta ji. Inna ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, ta ce, "Ba ni so shi taho shi iske kaina awa na kakatai." Goggo ta yi dariya har da tafi, ta ce, "Matammu, ashe kina da baki!" Ranar ta yi mata kitson doka, ta shafe ta da shuni, ni ina riƙe da kasko.

Mutane sun dawo kuwa, amma ba babana a ciki. Suka ce an kasa su kashi-kashi ne, kashinsu babana yana baya. Shunin ya koɗe. Aka sake cewa wasu sun sauka Rabah, Inna ta sake zuwa, aka sake shafawa. Haka aka yi ta yi. Ko jaki ya tsaya a ƙofar gida sai ta gyara kallabi. Tun mata na yi mata barkwanci har suka daina, suka koma kallon ta da tausayi, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

Sai ta ɗauke ƙafa daga rumfar. Kunya ce ta kama ta, yau da gobe tana zuwa gaban yayar miji ana ɓata mata mai da shuni a banza. Wata maƙwabciya da ta je cin kasuwar Goronyo ta sayo mata ƙullin galura wurin ɗan koli, irin baƙar hodar kanti da ake rina zane da ita, ta ce mata wannan ba ya fita. Inna ta dama da ruwan toka ta shafa da kanta a ɗaki.

Ƙanena ne ya zo da gudu ya kira mu. Muka iske fuskarta ta kumbura, ido da ƙyar yake buɗewa, fatar kai ta sale tana ruwa. Ban taɓa ganin Goggo ta yi faɗa irin na ranar ba. "Mi yak kai ki? Galurar zane kiz zuba ma kanki? Ni na mutu ne, ko cewa niy yi na gaji da ke?" Tana faɗa tana hawaye tana yanke kitson da ya manne. Ni kuwa haushin maƙwabciyar nan ya hana ni gaishe ta har ta bar duniya, kuma ban yi nadama ba.

Aka yi ta jinya da man kaɗanya. Kumburi ya saɓe, gashi ya zube ta wani wuri, ya tsiro ta wani, kuma abin da ya tsiro fari ne. Goggo ta yanke hukunci, babu shuni sai fata ta warke sarai. Inna ba ta yi musu ba, amma ta daina fitowa tsakar gida. In ta ji sallama a zaure, maimakon ta leƙa kamar da, sai ta shige ƙuryar ɗaki. Mace tana jiran mijinta, tana kuma tsoron ya zo.

Ana nan sai labari mai ƙarfi ya iso, cewa kashinsu babana ya sauka jirgin ƙasa a Ƙaura, sun kamo hanya da ƙafa. Inna ta zo rumfa da sassafe, ta zauna ta zame kallabi. Goggo ta duba kan, har yanzu akwai ɓawon ciwo nan da can. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce akwai wata hanya, a shafa wa gashi kaɗai, kada ko ɗigo ya taɓa fata, amma ita idonta ya yi rauni, hannunta kuma ya fara rawa. Ta juyo ta dube ni. "Taho nan. Yatsunki ƙanana na."

Inna ta so ta tashi. 'Yar fari ta kama kan uwarta, ai abin magana ne. Goggo ta daka mata tsawa ta koma ta zauna, ta ɗora kai a cinyata. Tun da aka yaye ni jikina bai taɓa nata haka ba. 

Goggo ta nuna mini yadda ake yi. A yi kitso ƙanana sakwa-sakwa, ba ja. A shafe fata da mai tukuna. A sa ganyen tafasa a ƙarƙashin kowane silin kitso, a lakato shuni da ɗan yatsa, a bi shi daga sama zuwa ƙasa, a tsaya kafin gindin gashi. Shunin ma sai da na ɗanɗana, na ɗiga a bayan kunne, muka jira. Tun hantsi muke yi har rana ta take. Wuyana ya ƙage, ban ko motsa ba. Da na gama, Goggo ta kai fuskarta kusa ta bi kan layi-layi, ta ɗago ta ce, "To. Kin iya." Ba ta taɓa faɗa mini haka ba. Inna ta dubi madubi, ta yi murmushi, ta yi maza ta kife shi. Ta koma gida ta share ɗaki, ta jiƙa gero.

Bayan azahar wani mutumin Goronyo ya yi sallama a zaurenmu, ramamme, ƙafa duk faso. Tare suka yi aiki da babana, tare suka taso. Ya ce sanyin ƙasar can ya shiga ƙirjin babana tun suna wurin aiki, amma ya ƙi zama jinya don yana son gida. Tari ya kayar da shi a wani ƙauye a hanya. Shi baƙon da mutanen ƙauyen suka yi masa sutura. Ya ajiye bargon babana da gorarsa, ya yi gaisuwa, ya wuce.

Ba zan iya faɗin kukan da aka yi ba. Abin da na fi riƙewa shi ne lokacin da tsofaffin mata suka ce a shirya Inna ta shiga takaba. Mai takaba ba ta ado, ba kwalli, ba lalle, ba shuni. Dole a tsefe kan a wanke kafin rana ta faɗi. Aikin Goggo ne, amma ƙanenta ne ya mutu, ko buta ta kasa riƙewa daidai. Ta ce mini, "Ke kis sa shi, ke ka ɗebe shi. A hankali, kas ki tada ciwon."

Muka zagaya bayan ɗaki. Inna ta durƙusa ta sake ɗora kai a gwiwata. Na tsefe kitson da na yi da safe, ɗaya bayan ɗaya. Na shafa mai don shunin ya saki, na bi da ruwan ɗumi da karkashi. Ya ƙi fita da wuri, don ya kama da kyau. Na yi ta wankewa ina kuka, ruwa shuɗi yana bin ƙasa yana fita ta magudana, farin gashi yana bayyana a hannuna. Na ji haushin hannuna da suka iya.

Saura ɗan kitso guda a ƙeya, sai Inna ta kama wuyan hannuna. Ba ta dubi bango ba, ba ta ce a ce wa yarinya ba. Ni ta yi wa magana, murya can ƙasa.

"Bar mani wanga. Ko ganinai bai yi ba."

Na ɗaga kai na dubi Goggo. Ta ji sarai. Macen da ta kori amare a kan ƙa'ida, ta dubi tukunyar ruwa cike a gabanta, ta ce ruwa ya ƙare, za ta ɗebo wani. Ta tashi ta ba mu baya.

Na tattara farin gashin na rufe kitson da shi, na ɗaura mata kallabi, na kama hannunta na kai ta ɗaki.