Yadda Kawu Tahir Ya Manta Karatu

A danginmu, in ana neman wanda zai faɗi wa ya haifi wa, ni ake kira. Kakarmu, marigayiya Hajiya Sabuwa, ita ta ɗora ni a kan haka tun ina ƙarama, ina matsa mata ƙafa a gidanmu na unguwar Al-Sih a birnin Manzo tana jero mini sunaye, tun daga kakanta da ya taso daga Haɗeja a ƙafa zuwa ƙasa mai tsarki. Don haka da aka ce in rubuta wani abu a kan Kawu Tahir, na ce zan rubuta, amma ba zan fesa masa turare ba.

Shi kaɗai ne namiji a 'ya'yan Hajiya, sai mahaifiyata da ƙanwarta Inna Raliya. A Bi'ir Ali yake aiki, inda motocin alhazai ke tsayawa su ɗauki harami. Ba ya tuƙi, ba ya ɗaukar kaya. Yana dai tsaye a inuwa yana daka wa direbobi tsawa, alƙaluma jere a aljihun gaba, jarida a hammata. Bai taɓa shiga makarantar gwamnati ba, a zauren wani malami ya koyi karatu da rubutu, amma in ba ka ce masa Ustaz ba, ba zai waiwayo ba. Da yamma yakan zauna wurin mai shayi a unguwar Ƙuba ya karanta wa 'yan Chadi jarida da ƙarfi, ya fassara musu da Hausa, ya ƙara da abin da jaridar ba ta ce ba.

A cikin masu saurarensa akwai wani tela, Bakri, wanda ya zo aikin Hajji ya zauna babu takarda. Kawu da kansa ya kawo shi gida, ya ce mutumin kirki ne. Kawu da kansa ya zauna a matsayin waliyyi ya ba shi auren Inna Raliya, a falon Hajiya, a gaban 'yan uwan Bakri. Ba a nemi izinin hukuma ba, don an san ba za a samu ba. Hajiya ta gaya mini har rigar da ya sa ranar, da yadda ya tsawaita huɗuba sai da shinkafa ta huce.

Da aka haifi Sundus, babu hanyar yi mata takarda da sunan ubanta. Kawu ya ce a bar masa. Ya je ya shigar da ita a katin iyalinsa, a matsayin 'yarsa da matarsa Hawa. Ba shi ya fara irin wannan a unguwa ba, kuma da ya yi shiru da na rubuta shi cikin masu alheri. Amma bai taɓa bari a manta ba. Bayan an kama Bakri an mayar da shi Chadi, inda ya rasu, sai Sundus ta zama 'yar aiken gidan Kawu. Ita ke goge masa tufafi, ita ke kawo gahawa in ya yi baƙi, kuma dole ta kira shi Abuya, wato baba. Yakan nuna ta ya ce, "Kun ga wannan? Da alƙalamina na yi ta mutum."

Abin da mai alƙalamin bai lissafa ba shi ne, lokacin da ya rubuta Sundus, Hawa na da ciki. Bayan wata huɗu aka haifi Walid, ya je ya rubuta shi ma. Shekaru suka wuce babu wanda ya lura, har Walid ya isa karɓar katin ɗan ƙasa. Ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ga mace ɗaya ta haihu sau biyu cikin wata huɗu. Daga nan magana ta tafi kotu, da tuhumar jabun takardar hukuma. Sundus na aji ukun ƙaramar sakandare, ni kuma na gama babbar.

Lauyan da Kawu ya ɗauka ya zo gida, muna bayan labule muna ji. Ya ce hanya biyu ce. Ko Kawu ya amsa cewa ya yi ne don tausayin 'yar ƙanwarsa, ya nemi sassauci, mai yiwuwa ya ɗan kwana a gidan yari. In ya yi haka, shaidarsa ta waliyyi za ta tabbatar da auren, Sundus ta sami sunan ubanta, a nema mata takarda ta wajen uwarta. Ko kuwa ya ce bai san komai ba. Lauyan ya ƙara da cewa shi dai ta farko yake ba shi shawara.

Inna Raliya ta yi magana daga bayan labule. "Yaya, shaidun auren nan, wanda bai mutu ba an kore shi. Kai kaɗai ka rage."

"Na ji, Raliya."

"In ka ce ba ka san auren ba, me yarinyar nan ta zama? Ni me na zama?"

"Ke ba ki san gidan yari ba. Ina da ciwon sukari."

"Jiya ka cinye farantin dabino kai kaɗai," in ji mahaifiyata.

Kawu ya juya wa labulen baya. Ya tambayi lauya ko a wani wuri akwai takardar da ta nuna ya yi makaranta.

Ranar zaman kotu ni na raka Inna Raliya. Da ƙyar na gane Kawu. Aljihu fayau, tsohuwar riga, takalmin roba, har da ɗan rusuna baya da ya koyo. Alƙali ya miƙa masa takardar, Kawu ya karɓa ya riƙe ta a juye. Ya ce shi jahili ne, bai san alif ba, sa hannun ma zane ne aka koya masa. Ya ce mahaifiyarsa ce ta kai shi ofis ta ce ya sa hannu, ya sa, don ba ya yi wa uwa gardama. Hajiya na kwance a maƙabartar Baƙi'a, ba ta da bakin amsa masa.

Alƙali ya ce, "To, yarinyar 'yar wa ce?"

"'Yar ƙanwata ce, ya Shaikh."

"Ubanta fa? Ƙanwarka ta ce kai ka aurar da ita."

Kawu ya dubi silin. "Ni ban ɗaura wa kowa aure ba. Ina wurin aiki dare da rana. Abin da mata ke yi a cikin gida, Allah ne masani."

Inna Raliya ta riƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ba ta yi kuka ba. Ta rantse cewa da aure ta haifi 'yarta, alƙali ya ce ta kai maganar tabbatar da auren wata kotu, ta je da shaidu. Daga fuskarsa na san bai yarda da Kawu ba, amma ba a sami hujjar cewa da saninsa aka yi ba. Aka sallame shi. Aka goge sunan Sundus daga katin, makaranta ta ce ta dakata har ta kawo takarda.

Tun daga nan Kawu ba ya iya buɗe jarida a waje, don tsoron kada wani ya kai rahoto. 'Yan wurin shayi sukan miƙa masa ita da gangan, su ce, "Ustaz, duba mana hotuna." Yakan yi dariyar dole. Wannan shi ne iyakar abin da ya rasa.

Ya yanka rago don godiya ga Allah, ya gayyaci unguwa. Muka je, don Inna Raliya ta ce za ta sake roƙonsa. Ta same shi a soro yana raba nama.

"Yaya, shari'arka ta ƙare. Zo mu je ka faɗi gaskiya a kan auren."

"In canza magana? Kina so a jefa ni gidan yari? Ki yi haƙuri, yarinya ce, tana da kyau, wani zai aure ta."

"Da sunan wa za a ɗaura?"

Ya juya ya ga Sundus a bakin ƙofa. "Ke, ya binti, 'yata, kawo wa baƙi gahawa."

Sundus ta dube shi. Ta sa hannu ta jawo niƙabinta ta rufe fuska, yadda mace ke yi in baƙon namiji ya shigo. A gaban kawunta, a gaban maza suna kallo. Ta ce wa uwarta da Larabci su tafi gida.

Yau shekara biyar ke nan. Sundus na ɗinki a gida da keken ubanta, fayil ɗinta na nan yana jiran shaidu. Sau biyu ana zuwa neman aurenta, sau biyu ana tambayar sunan uba a takarda, masu neman ba sa dawowa. Kawu Tahir kuwa ya ƙara ƙiba, kuma yana gaya wa mutane cewa 'yar ƙanwarsa ba ta da godiya.