Allurar Gwiwar Da Na Yi Wa Shaida

A lokacin ni malamin lekwal ne, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, gab da ajiye aiki, irin mutanen da in suka ce abu na da kyau dangi ba sa ƙara tambaya. Gwiwata ta dama ta matsa mini. Na je likita, wato asibiti, lokotoro ya duba ya ce guringuntsin ne ya cinye, in rage ƙiba, in riƙa motsa ƙafar. Na fito ina tsaki, wai wannan ne magani?

Ana haka wani mai farar riga ya fara zuwa Kore Mairuwa ranar kasuwa, da kular ƙanƙara, yana cewa allurar ƙwayoyin halitta ce masu tsirar da sabon guringuntsi. Na miƙa masa ƙafa a bayan wani shago. Wallahi washegari ciwo ya ɗauke cak! Ni da bakin nan nawa, ba wanda ban gaya wa ba. Na kira yayata da ke Dumega, wadda ta goya ni, gwiwoyinta duka biyu sun fi tawa lalacewa, na ce in ba ta je kasuwa mai zuwa ba, to ita ta zaɓi gurguntaka.

Kwana na biyar gwiwa ta kumbura suntum, ga masassara. A likita aka zuƙe mugunya, lokotoro ya ce da na ƙara jinkiri da sai dai wani zancen. Ya ce wannan magani har yanzu bincikensa ake yi, ba a tabbatar yana maido da guringuntsi ba, balle a bayan shago. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: kwana biyu ina kwance, waya na hannuna, na kasa kiran yaya. Girman kai! Ta yaya malam guda zai ce ya yi wauta? Sai da safiyar kasuwa matata ta rantse in ban kira ba ita za ta kira. Na kira, na gaya mata abin da allurar ta yi mini. Ashe yaya na kan benci tana jiran layi. Ta yi salati, ta ce iyakar karatun nawa ke nan, sannan ta tambaya ko na samu na ci wani abu. Nan na fashe da kuka.

Yau ina ɗingishi, ita tana dogara sandarta, kuma alhamdu lillahi. Jama'a, kada allura ta shiga gaɓarku sai a likita, kuma kada ku yi gaggawar yi wa magani shaida. In kun riga kun ja wani, ku haɗiye kunya ku faɗa da wuri. Ranar nan mutum biyu kaɗai suka rage gaban yayata a layin allura.