Kwalin da Umma Ta Naɗe da Zare

Umma tela ce. Shekara talatin da ɗoriya tana taka keke a ɗakin ƙofar gida, kuma a iya sanina ba ta taɓa zubar da komai ba. Ƙyalle ko faɗin yatsa biyu ne yana da buhunsa. Kwali kuwa, na sabulu ne ko na shayi, yanka shi take ƙanana ta naɗe ragowar zare a kai. Har magani bai tsira ba. Da an sayo sai ta ɓalle ƙwayoyin ta zuba a gwangwanin maɓallai, kwalin ya tafi aikin zare. Wai da launi ta san su, fari na ciwon kai, ja na gwiwa. Na yi magana har bakina ya gaji.

Wata safiya ta kira ni in zura mata zare a allura, wai hannunta ya ƙi. Ina kama hannun gabana ya faɗi. Ciki da baya duk jajayen tabo ne zagaye-zagaye, zobe cikin zobe, tsakiyar ta yi duhu, kamar an jera mata maɓallai a ƙarƙashin fata. Leɓɓanta sun kumbura sun tsattsage.

“Umma, tun yaushe?”

“Shekaranjiya. Sabulu ne kawai. Ke zura min, mai riga na hanya.”

Sai da na kira Yaya muka haɗu a kanta kafin ta yarda aka je asibiti. Likita ta duba hannun da bakin, ta haska idanun, ta ce jiki ne ya tashi faɗa da wani abu har ya haɗa da fatarsa, kuma ba a ɗauka. Galibi, in ji ta, ƙwayar cutar da ke kawo ƙurajen zazzaɓi a leɓe ce ke tayar da shi, wani lokaci ciwon ƙirji, wani lokaci magani. Umma ba ta yi ƙurajen ba, ba ta yi tari ba.

“To Mama, wane magani kika sha kwanan nan?”

“Fari,” in ji Umma.

Na koma gida na ɗauko gwangwanin na juye a teburin likita. Maɓallai, ƙugiyoyin siket, da farin magani iri biyar. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Likita ta dube ni ta ce, “Sunan nake so. In ba mu san shi ba, wata rana za ta sake sha, kuma na biyun yakan fi muni. Yana iya taɓa mata ido.”

Aka kwantar da ita, aka tsayar da duk wani magani da take sha. Ko ruwa ba ta iya haɗiyewa, sai ƙarin ruwa aka sa mata, da abin kurkure baki da man shafawa. Da ƙyar Umma ta tuna cewa farin maganin na zafin fitsari ne, a wani kemis ta saya tana dawowa daga sayen yadi. Wane kemis? “Mai ƙofa shuɗiya.” Na zaga layin masu yadi yini guda, ƙofa shuɗiya ta fi goma, kowa ya ce bai tuna ta ba.

Na dawo ɗakin ɗinkin na zauna ina huci, sai idona ya faɗa kan aljihun keken. Na zaro shi na zazzage. Kwalaye sun fi sittin, kowanne a naɗe tsaf. Na shiga warwarewa ɗaya bayan ɗaya, zare ya cika min cinya, ina yi ina hawayen takaici. Bakwai daga ciki na magani ne. Washegari likita ta jera su, ta ɗauki wanda na ciro daga ƙarƙashin koren zare. Almakashi ya cinye rabin sunan, amma ragowar ta ishe ta. Ta ce shi ne.

Da na faɗa wa Umma, da wannan bakin da ko buɗuwa ba ya yi ta ce, “Zaren fa? Kin mayar?”

Mako uku kafin fatar ta lafa. Ranar sallama likita ta rubuta sunan maganin da manyan baƙaƙe a wani farin kati mai kauri, ta ce ya zauna a jakar Umma, duk mai ba ta magani ta fara nuna masa. Umma ta juya katin ta shafa kaurinsa da yatsa. Tun a nan ya kamata in gane.

Bayan wata ɗaya na leƙa jakar, babu kati. Na same shi a aljihun keke, naɗe da jan zare, harafi ɗaya kawai ke leƙowa.

“Umma! Don Allah so kike ki kashe ni? Ranki ne fa a jikin takardar nan!”

Ko tsayar da keken ba ta yi ba. Bayan hannunta har yanzu da sauran tabon.

“Jaka nawa na yar a kasuwa?” ta ce. “Wancan kwalin da kika kai wa likita, a ina kika same shi?”

Na zauna a kan buhun ƙyalle na fara warware zaren.