Baƙi Ne Mu, Ni da Ke

Shekara talatin da ɗaya Mai Guga ya yi a ƙarƙashin wani otal yana miƙar da rigunan mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ɗakin ba shi da taga, sai bututun tururi da ke bin rufi, da injin wanki guda shida masu gurnani tun safe, da teburinsa can a lungu. Yana gane mai ƙiba daga wuyan riga, yana gane wanda matarsa ta daina kula da shi daga maɓallin da ya tsinke. In ka tambaye shi sana'arsa zai ce maka guga, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma kafin ya tsallako ƙasar nan, can gida Mai Gurmi ake ce masa. In ya ɗora ƙwaryar nan mai tsirkiya biyu a cinya, har masu sauri sai sun ɗan tsaya. Da ya zo nan sai gurmin ya hau saman kwaba, ya zauna yana shan ƙura.

Matarsa ce mai son kallo. Duk Lahadi da rana sai ta ja shi gidan siliman da ke ƙarshen layinsu, alhali a shekarun farko daga shi har ita ba mai jin yaren ƙasar. Wannan bai taɓa damunta ba. Ita ke shirya labarinta da kanta, tana zungurinsa da gwiwar hannu tana gaya masa cewa wancan mai gashin bakin munafuki ne, ya dubi yadda yake zama. Sau da yawa kuma sai ya zamana ta canka. Shi kuwa tun da wuri fim ya fita masa a rai. Ya lura duk sanda aka nuno irinsu, to ko dai suna cikin jirgin ruwa suna kuka, ko 'yan sanda na bin su a guje. Bai taɓa ganin an nuno ɗayansu yana goge riga tsaf ba, ko yana musu da matarsa a kan gishiri ya yi yawa. Gidan kiɗansu ma sau ɗaya ya shiga, da tikitin da shugaban wurin aiki ya ba shi, ya fito yana tsaki. Mawaƙi na ta yi, mutane sun yi jugum kamar masu zaman makoki, ba mai amsawa, ko tari sai mutum ya danne. Ya ce wa matarsa in shi aka yi wa haka, da ya naɗe kayansa tun a baiti na biyu.

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Da ta shiga makaranta sai malamarta ta ce yare biyu na rikita yarinyar. Mai Guga, wanda ya sha wulaƙanci a ofisoshi saboda bakinsa bai iya yaren mutane ba, ya dawo gida ya kafa doka: daga yau ba mai yi wa yarinyar nan Hausa. Matarsa ta yi magiya, ta yi fushi, ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A ƙarshe ta ce masa, "Malam, za ka mai da yarinyar nan baƙuwa a gidan ubanta." Ya ce gara haka da ta ƙare a ɗakin wanki. Shi ya yi nasara, kuma ya daɗe yana taƙama da nasarar. Uwata ta yi karatu har da digiri, ta samu ofis a hawa na tara mai taga ƙatuwa. Hausarta kuwa ba ta wuce gaisuwa ba, da "na ƙoshi," da 'yan kalmomin faɗa da suka riƙa suɓuce wa uwarta.

Shekara shida ke nan da matar ta rasu, kuma a nan aka binne ta, bayan duk alkawarin da ya sha yi mata na komawa gida in ya yi ritaya. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Bayan wata biyu ya taka kujera ya sauko da gurmin, ya sake masa tsirkiya, ya yi waƙa guda ɗaya, wadda bai ƙara wata a bayanta ba. Amshinta ke nan:

Baƙi ne mu, ni da ke,
kin riga ni yin sallama,
kin bar ni da kayan mutane.

Abin da yake nufi a fili yake ga mai jin Hausa. Sun zo duniya baƙunci, sun kuma zo ƙasar wasu baƙunci, ita ta riga shi tashi, shi yana nan yana guga. Ba wanda ya taɓa jin waƙar. Uwata na da nata gidan, ranar Asabar take zuwa da cefane, ta jera masa ƙwayoyin hawan jini, su yi hirar sanyi da zafi da guntun yaren da yake da shi, ta tafi. Maganar uwarta ba sa taɓa ta. Shi ba mutum ne mai iya buɗe baki ya ce wa 'yarsa yana kewar matarsa ba, kuma abin na cinsa.

Ana haka wata ƙawar Uwata, doguwa mai tabarau, ta ce za ta yi fim a kan ma'aikatan da suka zo daga wasu ƙasashe. Sati uku tana bin sa da kyamara. Riga ɗaya sai da ta sa ya goge ta sau bakwai, wai tururin bai fito da kyau ba. Da ta zo ɗaukar ɗakinsa ta hango gurmin, ta nace sai ya kaɗa. Ya ce a'a, ya maimaita. Sai Uwata ta haɗa 'yar Hausarta ta ce, "Baba, don Allah. Ni ma ina so in ji."

Wannan ce ta karya shi. Ya ga ƙofar da ya shekara shida yana nema ta buɗe da kanta. Abin da bakinsa ya kasa faɗa, gurmi zai faɗa mata, ta san cewa an so uwarta a gidan nan. Ya zauna ƙarƙashin hoton marigayiya, ya yi waƙar yana kallon 'yarsa, ko ta kan kyamara bai bi ba. Da ya gama Uwata ta ce kunnenta ba ya kama kalmomin, ya rubuta mata, ita za ta fassara wa masu fim. Ya rubuta a bayan wata takardar karɓar wanki da ke aljihunsa. Daga nan ya shiga jira. Asabar ta zo ta wuce, wata ya wuce, wata biyar suka wuce, Uwata ba ta ce uffan ba. Ya ce a ransa zurfin cikinsa ta gado, har ya ji wani irin daɗi.

Ranar Lahadi da rana aka nuna fim ɗin, a gidan siliman nan na ƙarshen layi, kuma an shirya in an gama zai hau dandamali ya yi waƙar a gaban jama'a. Ya goge rigarsa da kansa. Ya zauna kusa da Direba, abokinsa ɗan garinsu mai tuƙa tasi, wanda ya iya karanta yaren ƙasar da sauri. Farkon fim ɗin bai yi laifi ba, sai dai sun mai da ɗakin wankin ya fi yadda yake duhu. Da aka zo kan waƙar ya gyara zama, yana jiran a nuno hoton matarsa. Ba a nuno ba. Muryarsa na tafiya, amma a allon sai ga 'yan sanda na tura mutane jikin bango, ga taro ɗauke da kwalaye. Ya ji 'yan kallo sun fara gunaguni irin na ɓacin rai. Rubutun da ke gudu a ƙasan allon ya fi ƙarfin idonsa, sai ya taɓo Direba.

Direba ya sunkuyo ya ce, "Wai ka ce baƙaƙen fata ne ku, kai da ita. An riga an kore ta daga aiki, an bar ka da wankin kayansu."

Nan take Mai Guga ya gane inda gizo ke saƙar. Akwai baƙi da ake ja, a saukar da murya, su ne masu zuwa su tafi. Akwai baƙi gajere, mai ɗaga murya, launin gawayi. A baki ko yaron da ke koyon magana ba ya haɗa su. A takarda kuwa harafi huɗu ne iri ɗaya, kuma takarda ya ba ta. Ta duba ƙamus a wayarta, ta ɗauki ma'anar da ta fara gani, wadda kuma ta yi daidai da abin da ƙawarta ke nema. Tunda ta farko ta karkace, sauran duk suka bi ta: sallamar mai tafiya ta koma sallama daga aiki, matarsa ta koma wata ma'aikaciya da aka zalunta. Ba wai bai san wariyar ba ne. Ya sha ta a bas, ya sha ta a asibiti, da an tambaye shi da ya ba da labari har a gaji. Amma wannan waƙar ba tasu ba ce, ita kaɗai ce abin da ya yi wa matarsa.

Aka kunna fitilu, tafi ya ɓarke. Ya so ya sulale ta ƙofar baya, sai ga Mai Tabarau ta riga ta kira shi. Kafin ya fara sai ta kira Uwata ta koya wa jama'a kalmar amshi. Uwata ta riƙe makirfo ta faɗe ta a gajarce, da murya sama, mutum ɗari uku suka maimaita. Sannan ta koma kujerar gaba.

Ya kaɗa. Shekara talatin yana zagin mutanen nan da rashin amsa waƙa, yau ga shi sun amsa. Duk inda ya ja kalmarsa a hankali, sai su daka tasu a kai, hannuwa a dunƙule a sama. Ya dubi kujerar gaba. Uwata na tsaye, hawaye na zuba, hannunta ya fi na kowa tsawo, bai taɓa ganin tana alfahari da shi haka ba. Duk da haka ya kai waƙar ƙarshe, don bai saba barin aiki a rabi ba.

Kafin magariba suna gida su biyu. Ta dafa shayi, ta zauna a kujerar uwarta tana ta zuba da yaren ƙasar, yana tsintar abin da ya iya. Wai ba ta taɓa sanin yana ɗauke da wannan fushin ba, wai za a kai fim ɗin wasu garuruwa. Ya bari ta numfasa, sannan ya ce ta saurara. Ya faɗi kalmar farko a hankali, ya ja ta. Ya faɗi ta biyu. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita, duka biyun iri ɗaya. Ya sake, ta sake. A na uku ta yi dariya ta ce, "Baba, ai duk ɗaya ne."

Ya buɗe baki zai yi bayani, ya laluba ya rasa da me. A yaren ƙasar ba shi da komai sai sitati da wuyan riga da lambar ɗaki. A Hausa yana da komai, amma ita ba ta da inda za ta zuba, kuma ya san wanda ya toshe wurin. Ba malamar makaranta ba ce, ba Mai Tabarau ba ce. Shi ne, a ɗakin nan, yana ɗaga wa matarsa yatsa.

Uwata ta tambaye shi wace ce matar da aka kora.

"Wata ce," in ji shi. "Mun daɗe tare."

"Ta samu wani aiki?"

"Ta huta."

Ta gyaɗa kai, ta ce madalla. Ta wanke kofuna, ta duba ƙwayoyinsa, ta ɗauki jakarta. Kullum daga kujera yake ce mata sai Asabar, ta ja ƙofa da kanta, don ba a yi wa ɗan gida rakiya. Yau sai ya miƙe ya sa takalmi. Ta ce ya zauna, ƙafarsa na ciwo, ya ce ba komai. Ya sauka hawa uku yana dafa bango, ya raka ta har bakin titi, ya tsaya sai da bas ya zo. Da za ta shiga ya ce mata ya gode da ziyara, ta gaida mutanen gida.