Hasken da Dilawar Ya Rage Mini

Ranar da na yi faɗa da Dilawar, duk layin masu gyaran waya na Hyderabad sai da ya ji muryata. Na dangwara masa wayata a kan tebur na ce, "Kai ɗan Nasrin, gyara na kawo maka ko makanta?"

Ya ɗago kai daga madubin aikinsa, gemun nan jawur da lalle. "Khala Zarina, ko sallama babu?"

"Na baro ta a gida. Danna ka gani."

Ya kunna tocilar. Haske ya fito kamar walƙiya, bai daɗe ba ya mutu, bayan wayar kuwa zafi kamar murfin tukunya. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya tuntsire da dariya, na harare shi ya haɗiye sauran.

Dilawar tun yana zanin goyo na san shi, shi ya sa yake ce mini Khala, wato inna. Ni da mahaifiyarsa Nasrin, Allah ya jiƙanta, shekara ashirin muka yi gwiwa da gwiwa muna haɗa bakin awarwaron gilashi a kan harshen wuta. Shi kuwa fasawa kaɗai ya iya. Ya taɓa zama a kan ɗaurin awarwaro guda, aikin kwana biyu. Ubansa ya kai shi wurin mai gyaran rediyo don gida ya huta, sai ga hannun nan mai ɓarna yana ɗaukar abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ko rawa ba ya yi. Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan waya. Yanzu ya haura arba'in, 'ya'yansa mata uku, shagonsa a ƙarƙashin matakala, in ya yi atishawa bango biyu yake buga.

Ni kuwa da yatsuna suka gaji da wuta, sai aka ba ni aikin dubawa: in ɗaga awarwaro ɗaya-ɗaya in ware mai tsaga, kada ya yanki hannun 'yar mutane. Idona ya fara hazo, ban gaya wa kowa ba. Tocilar wayar nan ce ke rufa mini asiri, in na haska daga gefe sai tsagar ta fito kamar silin gashi. Ana nan sai wayar ta faɗa ruwan wanke-wanke, na kai wa Dilawar gyara. A makon ne kuma Seth Wahid, mai ba mu aiki, ya ji ƙishin-ƙishin maganar idona. Ya aiko cewa ranar Alhamis zan duba ɗauri a gabansa, da tocila ko babu, in mai tsaga ɗaya ya wuce ni aikin ya koma hannun wata.

"Khala, zauna," in ji Dilawar. "Akwai ɗan aisi, wani ɗan mitsitsin ƙarfe a cikin wayar, da ke ba fitilar nan umarni. Naki ruwa ya cinye, na sa wani. Aiki biyu ya sani: na hoto, mai ƙarfi na ƙiftawar ido, da na tocila, mai sauƙi mai daɗewa. Ni na ɗaga na tocilar har ya kusa kamo na hoto, shi ya sa yake jin zafi ya kashe kansa."

"Wa ya aike ka?"

"Kowa haka yake so! Duk wanda ya zo, Ustad ƙara haske, Ustad ƙara haske. Alheri na yi miki."

"Alherinka ya kusa zaunar da ni a gida ina ƙirga ƙudaje."

Ya jona wayar da kwamfutarsa ya taɓa wasu lambobi. Tocila ta kama, ta zauna. Ya miƙo mini yana wani shafa gemu. Na kwance bakin mayafina na fito da koren awarwaro wanda farcena ya san inda tsagarsa take. Na haska. Gilashin ya ɗauki ƙyalli gaba ɗaya, ban ga komai ba.

"Rage."

Ya rage.

"Ƙara ragewa."

"Khala, wannan ai kyandir ya fi shi."

"Kai ka haifi gilashi ko ni? Rage!"

Mai caja ya leƙo ya ce yau ya ga wadda ta zo kasuwa sayen duhu. Sai da Dilawar ya kai mataki na biyu daga ƙasa, sannan tsagar ta fito, siririya, fara tas. Na ba shi ya duba. Ya daɗe yana juya awarwaron.

"A cikin abin nan na girma," in ji shi, "ban taɓa ganinta ba sai ta yanke ni."

Ya ɗauki alƙalami ya rubuta lambar a jikin bango.

Ranar Alhamis Seth Wahid ya zo da ɗaurinsa, ya ɓoye masu tsaga shida a ciki. Na fitar masa da bakwai. Ya karɓi na bakwan ya kai shi bakin taga, ya juya, ya juya, sannan ya ce a kawo wa Khala shayi. Matan da suka taru don su ga faɗuwata su ne suka fara tafi, munafukai.

Kafin sallah rabin matan unguwarmu sun je wurin Dilawar, kowacce tana cewa a sa mata irin hasken Khala Zarina. Mutumin da ya yi suna wajen ƙara haske, yanzu layi ake yi a ƙofarsa don ya rage.

Juma'ar da ta wuce na kai masa rabri, dafaffiyar madarar nan mai zaƙi, a kwanon ƙasa, mai kauri, don 'yan matansa. Na tsaya ina kallonsa bai sani ba. Ya kai wata waya nesa, ya dawo da ita kusa da hanci, ya matse ido ɗaya. Na san wannan matsewar. Na ajiye kwanon na ce, "Ɗan Nasrin, gobe ka je a auna maka tabarau. In ba ka je ba, ni zan tsaya a nan in gaya wa duk layin, kuma ka san muryata."