Ɗakin Ƙasa da Yaya Sale Ya Gina a Kurayyat

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Yaya Sale, mijin yayata Hajara, kuma kakar bana ce ta tuna mini da shi. Iskar kudu mai gumi, wadda mu 'yan Jidda muke kira aziyab, ta hana kowa sakat, kamar dai a waccan shekarar.

Manomi ne daga ƙasar Katsina, ya zo Hajji ya zauna. A garinsu in kaka ta wuce ruwa ya ɗauke, sai a kwaɓa ƙasa a hau gini. Shi kuwa ya tsani ɗakin gwangwanin da suke ciki a unguwar Kurayyat, ya ce mutum ba kifi ba ne. Hajara ta ce masa, "Malam, a nan da sanyi ake ruwa. Duk kakar da aziyab ta yi nauyi haka, ambaliya na tafe." Ya lissafo mata kakar bara da ta bara waccan, ya ce duk an yi iskar, ko yayyafi bai gani ba. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, gini zan yi." Kafiyarsa sai shi.

Ruwan ya zo da azahar, ɗakin bai gama bushewa ba. Iska ta fizge kwanon rufin maƙwabta tana wurgi da shi, ya tsarge wa wani jaki wuya a gabana. Ambaliya ta gangaro daga duwatsu, ja wur, ɗauke da katako da matattun awaki, ta daki bangon. Jaririyarsu Safiya na kwance a ciki. Yaya Sale ya ture Hajara gefe ya faɗa ɗakin, rufin ya bi shi.

Da hannu muka tone shi. A durƙushe yake, azara ta karya masa baya, bakinsa cike da laka. Safiya na ƙarƙashin ƙirjinsa tana tsala kuka.

Yau Kurayyat duk bulo ne da siminti, har a kan hanyar ruwan. Da yana nan, na san zai yi mana dariya, ya ce ashe mu ma ba ma jin magana.

Har gobe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Amma bana aka ɗaura auren Safiya. Da liman ya ce ina uban yarinya, kowa ya juyo yana kallona, ni kawunta da ta tashi a hannuna.